Idan Kotun Amurka ta Kira ka Aikin Taimaka wa Alƙali

'Yan uwa mazauna Amurka, in sammacin zama cikin masu taimaka wa alƙali (jury, wato 'yan ƙasa da ake zaɓa su saurari shari'a su yanke hukunci) ya iso, kar a tura shi ƙarƙashin katifa. A kotun tarayya, wanda ya ƙi zuwa ba uzuri yana iya shan tarar da ta kai dala 1,000 ko ɗaurin kwana 3.

Fom ɗin farko da kotun tarayya ke aikowa, na tambayoyin cancanta, a cike shi a mayar cikin kwana 10, ta gidan waya ko shafin intanet na kotun mai suna eJuror. Mai katin zama (green card) kawai bai cancanta ba, sai ɗan ƙasa mai shekara 18 zuwa sama. Amma shi ma ya amsa ya faɗi hakan, shiru ne ke jawo matsala.

Ma'aikatan ofishin kotu mai kula da wannan aiki mutanen kirki ne, kullum da baƙi suke hulɗa, tambaya ba ta gundurar su. Ranar ta faɗo kan tafiyar Hajji ko haihuwar iyali? Nemi ɗagewa tun da wuri, a rubuce, da lambarka da ke jikin sammacin. Da safen ranar zuwa kotu a tambaye su cikin ladabi inda za a yi Azahar lokacin hutu. Batun Juma'a kuwa, in an shiga shari'a, alƙali ke da ta cewa, don haka a faɗa tun lokacin tantance waɗanda za su zauna a shari'ar.

Da yammacin jajibiri a buga lambar wayar da suka bayar don jin ko za a zauna, sau da yawa ana soke zaman. A kotun tarayya alawus dala 50 ne a rana, a karɓi takardar shaidar halarta saboda wurin aiki.

Wanda ya bugo waya yana neman kuɗin tara, ɗan damfara ne. Kotu ba ta karɓar tara ta waya.