Fentin ƙasan jirgin ruwa: kurakuran da ke cinye mana kuɗi a ruwan Legas

Kwanakin baya wani ƙanena da ke kula da jirgin maigidansa a wajen Ikoyi ya kira ni, wai Yaya don Allah zo ka ga ikon Allah, wata huɗu kacal da yin fenti amma jirgi ya ƙi gudu, inji sai kuka yake mai na ta ƙonewa. Da aka ɗaga jirgin sama wallahi ƙasansa kamar bayan kada, gansakuka ta yi gemu, ga waɗannan 'yan halittu masu ɓawo mai kaifi da yaran jeti ke ce wa banakul sun yi sahu tun daga goshi har gindin farfela. Na ce kawo min gwangwanin fentin in gani. Yana miƙo min na gane inda gizo ke saƙa, fentin mai ne kawai irin na ƙarfe, ja mai kyau, an rubuta masa na ruwa ne shi ke nan aka saya.

To wannan shi ne kuskuren da na fi gani, mutum ya ɗauka duk jan fenti da aka zana wa hoton jirgi a gwangwani zai yi aikin ƙasa. Fentin ƙasa da ake kira antifawulin magani ne aka dama cikin fenti, yawancinsa sinadarin jan ƙarfe ne, yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan cikin ruwa yadda 'ya'yan banakul in sun zo neman wurin zama ba za su iya mannewa ba. Ko a hannu za ka ji bambanci, ɗauki gwangwaninsa ka ɗauki na fentin gida mai girma ɗaya, na ƙasan jirgi ya fi nauyi nesa ba kusa ba saboda ƙarfen da ke ciki. In ka ɗaga ka ji shi sakayau kuma farashi ya yi daɗi da yawa, ajiye musu kayansu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba wanda ke buƙatar a yi masa wa'azi kan abin da jirgi mai datti a ƙasa ke sha, kuɗin da ka ɓoye a fenti gidan mai za ka kai shi.

Sai masu cewa ai jirginmu ba a teku yake kwana ba, a lagun yake, ruwan daɗi ne. Wane ruwan daɗi? Lagun ɗin Legas ta tashar Apapa yake haɗuwa da teku, kullum ruwa na shiga yana fita, da rani musamman daga Janairu zuwa Afrilu gishirin da ke wajen Marina, Apapa da Five Cowrie Creek yana kusantar na teku, wanda shi kusan giram 35 ne a kowace lita. Sai damina ta sauka, kogin Ogun ya turo ruwa, kainuwa ta cika ko'ina, sannan gishiri ya faɗi. Can wajen Epe ne za ka ce ruwa ya fi karkata ga na daɗi. Kuma ruwanmu da ɗumi yake duk shekara, babu wani lokacin sanyi da halittun nan ke hutawa kamar a Turai, shi ya sa fentin da aka rubuta zai yi shekara 2 a Ingila kar ka yi mamaki in ya gaji da wuri a Tarkwa Bay. Ka nemi wanda aka yi don ruwan gishiri mai zafi, mai yawan datti, kamfanoni irin su Jotun, Hempel da International duk suna rubuta irin ruwan da kowane fenti ya dace da shi a takardar bayaninsa. Ka ce dila ya ba ka takardar, in ya fara kame-kame ka san da wa kake ciniki.

Yanzu bari in tsaya a kan wanda ya fi ba ni tsoro, don shi ba asarar fenti kawai yake jawowa ba, jirgin yake cinyewa. Jirgin alminiyam ba a shafa masa fenti mai sinadarin jan ƙarfe irin na yau da kullum, wato wanda za ka ga an rubuta cuprous oxide a jikin gwangwani. Ƙarfe biyu mabambanta in suka haɗu cikin ruwan gishiri batir ka haɗa, ɗaya sai ya ci ɗaya, kuma tsakanin jan ƙarfe da alminiyam alminiyam ne ke mutuwa. Da farko za ka ga fenti na kumbura yana yin bororo, ka ɓare ka ga farin gari, ƙarƙashinsa 'yan ramuka kamar zanzana, watarana ramin ya ɓulle. Abin ba sabo ba ne, tun 1761 sojojin ruwan Ingila suka lulluɓe ƙasan wani jirginsu HMS Alarm da fallayen jan ƙarfe don maganin tsutsar katako, tsutsa kam ta bari, amma da aka duba daga baya sai aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfe da ke taɓa jan ƙarfen sun lalace. Mu nan har yau muna maimaita darasin da kuɗin maigida.

Gyaran shi ne ka nemi fentin da aka rubuta ƙarara ya dace da alminiyam, ko mai copper thiocyanate irin Trilux 33 na International, ko wanda babu jan ƙarfe sam, kuma ko shi ɗin sai an fara shimfiɗa ifoksi, wato fentin share fage mai tare ruwa, a ƙasa ya raba shi da jikin ƙarfen. Mai jirgin faiba, wato wanda aka ƙera da zaren gilashi da roba ba ƙarfe ba, shi ma kar ya ce ba ruwansa, ƙafar injin nan Yamaha ko Mercury da ke rataye a baya alminiyam ce. In kana shafa fenti mai jan ƙarfe a bayan jirgi ka bar tazara kamar inci 1 zagaye da inda inji ya zauna. Sannan 'yan dunƙulen tutiya da ake ɗaurawa a inji ko a jikin jirgi, anod, don Allah a daina yi musu fenti. Na sha ganin mai fenti ya lulluɓe su tas wai don aiki ya yi kyau a ido. Aikinsu shi ne ruwa ya ci su a madadin injinka, ka rufe su ka kashe mai gadi ke nan. In sun cinye rabi a canza.

Akwai kuma maganar fenti mai tauri da mai zaizaya, wadda mutane ke zaɓa da ka. Mai tauri in ya bushe yana nan daram, maganin ne ke fita ya bar fankon fenti a jiki, yana jure gudu da goga, shi ya dace da jirgi mai tsananin gudu ko wanda ake yawan wanke ƙasansa. Illarsa biyu, in jirgi ya daɗe a tudu iska na kashe ƙarfinsa, kuma shekara bayan shekara yana taruwa ya yi kauri har ya fara ɓarewa faifai-faifai. Mai zaizaya kamar sabulu yake, ruwa na gogarsa sabon magani na fitowa, ba ya taruwa, kuma yawancinsa ko an fitar da jirgi an mayar yana ci gaba da aiki. Jirgin haya da ke zirga-zirga kullum tsakanin Ikorodu da CMS ba ɗaya yake da jirgin Alhaji da ke kwance a jeti sai ran Lahadi a je Ilashe a dawo ba. Na Alhaji ya fi shan wahala ma, don banakul jirgin da ke zaune yake so. In kuma jirginka kan tirela yake kwana, ana saka shi da safe a cire da yamma a wanke da ruwan famfo, gaskiya ba ka ma buƙatar wannan fenti, riƙe kuɗinka.

Mutum ya sayi fenti na gaske mai tsada kuma ya zo ya shafa shi kan abin da bai sani ba. An sayo jirgi na hannu daga waje, ba wanda ya san me ke ƙasansa, sai a wanke sama-sama a hau rola. Ƙa'idar da muke bi mai sauƙi ce, mai laushi yana hawa kan mai tauri in an goge da sanfefa, amma mai tauri ba ya zama kan mai laushi, don na ƙasan zai zaizaye ya tafi da na saman. Jiƙa tsumma ka goga tsohon fentin, in launi ya biyo tsumma sosai mai zaizaya ne. In ka rasa gane kansa, ko dai a kankare shi duka ko a sa fentin haɗi a tsakani irin su Primocon. Sabon jirgin faiba kuma yana zuwa da kakin da aka shafa wa mazubinsa a masana'anta, ido ba ya gani amma fenti ba ya kama shi, sai an wanke da sinadarin cire kaki tukuna sannan a sa sanfefa lamba 80. In ka fara da sanfefa ka tura kakin cikin jiki ke nan. Ni dai ra'ayina duk faiban da zai zauna cikin ruwa shekara da shekaru a yi masa shimfiɗar ifoksi kafin fentin magani, tana hana ruwa ratsawa ya tayar da bororo.

Sai rowa. Ana zuba tina, wani har fetur ko kananzir, wai fenti ya yalwata. Ƙarfin wannan fenti a kaurinsa yake, ka tsinka shi ka rage kwanakinsa. Tinar da kamfanin ya ce kawai, ita ma 'yar kaɗan. Kuma a juya shi sosai, maganin nauyi gare shi yana kwanciya a gindin gwangwani kamar tsakin kunu, na taɓa ganin an gama aiki an yar da gwangwani da kusan duk jan ƙarfen daskare a ƙasa, launi kawai aka shafa wa jirgi. Lissafin yawan da za ka saya ba wuya, ka haɗa faɗin jirgi da zurfin da ya nutse, sannan ka ninka da tsawonsa a layin ruwa, wato inda ruwa ke tsaya masa a jiki. Jirgi mai mita 8, faɗi mita 2.5, nutso rabin mita, ya ba ka murabba'in mita 24. In lita ɗaya na rufe kamar murabba'i 10, shafa biyu ta kusa cinye lita 5, ka ƙara ɗan wani abu don shafa ta 3 a layin ruwa da goshi da bayan jirgi, inda ruwa ya fi guga rana kuma ta fi haifar da gansakuka. Wata dabara, shafar farko ka yi ta da wani launi daban, misali baƙi a ƙasa shuɗi a sama, ranar da baƙi ya fara leƙowa ka san lokaci ya yi.

Lokaci ma abin dubawa ne. A Yuni da Yuli Legas ba ta bushewa, da asuba kuma raɓa na kwanciya a jikin jirgi ko da rani, a bari rana ta ɗaga jiki ya bushe ƙarau. Hunturu ya fi daɗin aiki sai dai a share ƙura kafin kowace shafa. Gwangwani na faɗin awa nawa za a jira tsakanin shafa da shafa, da awa nawa kafin a mayar da jirgi ruwa, amma maigida na waya yana son fita gobe sai a tura jirgi da ɗanyen fenti.

Ragowar fentin manyan jiragen ruwa da ake kawowa a jarka ba suna ba kwanan wata, ni ba na taɓa shi. Ba ka san shekarunsa ba, ba ka san me aka gauraya ba, kuma an yi shi ne don jirgin da ke keta teku ba tsayawa. Akwai ma masu neman tsohon fenti mai sinadarin TBT wai shi ne mai ƙarfi. Ƙarfi kam yana da shi, shi ya sa ya lalata kawa da dodon koɗin teku har hukumar jiragen ruwa ta duniya IMO ta haramta shi, yarjejeniyar ta fara aiki a 2008, wani sinadarin ma cybutryne an bi shi da haramci daga 2023. Kifin da masuntan Makoko ke kamawa a ruwan nan mu ne dai ke saye a kasuwa. Masu zuba garin barkono ko ƙwayoyin asibiti cikin fenti wai don korar banakul kuwa, barkonon ya fi amfani a yaji.

Yaran da ke gogar tsohon fenti su nake tausayi, za ka gan su ba riga, fuska ta yi shuɗi, suna gogar busasshe ƙura na shiga hanci, an gama a ba su madara wai tana wanke ƙirji. Guba ce suke shaƙa. A jiƙa wurin a goga da ruwa, a ba su takunkumi na gaske da safar hannu da tabarau, a shimfiɗa leda a ƙasa a kwashe abin da ya zuba kar a kora shi lagun, kuma kar a kuskura a ƙona tsohon fenti da wuta.

Jirgin ƙanen nawa dai kwana 6 ya yi a tudu. Aka kankare jan fentin nan duka har faiba ta fito, aka bar shi ya sha iska, aka yi shimfiɗar ifoksi, sannan mai zaizaya shafa biyu da ta uku a layin ruwa, anod sababbi ba fenti. Na ce ya ɗauki hoton gwangwanin gaba da baya ya rubuta ranar da aka shafa ya ajiye a wayarsa, don wanda zai yi na gaba ya san abin da zai hau kai. Maigidan ya yi ta faɗa kan kuɗin ɗaga jirgi sau biyu a shekara ɗaya, har yanzu ma bai gama biyan mai kirenin da ya ɗaga jirgin ba.