Yadda ake takun Turai irin na Giannis Antetokounmpo

A wasan ƙwallon kwando, ɗan wasan gaba mai tsayi ba ya rasa ƙarfi, abin da ke ba shi wuya shi ne kauce wa mai tsaron da ya kafe a gabansa. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne amma aka haife shi a Atina ta ƙasar Girka a 1994, ya warware wannan da takun Turai, wato Yurostef a bakin 'yan wasa. Ba shi ya ƙirƙiro shi ba, Manu Ginóbili na Ajantina ya riga shi shahara da shi. Sai dai Giannis, da tsayinsa na mita 2.11, ya mayar da shi makamin da ya taimaka masa zama gwarzon NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019 da 2020, kuma ya ɗauki kofi da Milwaukee Bucks a 2021.

Doka ta ba ka taku biyu bayan ka cafe ƙwallo. Mai amfani da hannun dama ya nufi kwando yana buga ƙwallo a ƙasa, ya cafe ta da hannu biyu saura kamar taku guda tsakaninsa da mai tsaro. Takun farko da ƙafar dama ne, zuwa dama, kafaɗa da ido duk su karkata can, har mai tsaro ya yarda nan za ka bi. Na biyu da ƙafar hagu, ka ja shi da faɗi zuwa hagu, kuma a kanta za ka daka tsalle ka ajiye ƙwallo a kwando.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba dukan ƙarfi a takun farko. In ya yi tsawo, nauyinka ya riga ya tafi, ba sauran abin da za ka tunkuɗa jiki da shi zuwa hagu. Taƙaita shi, ka ɗan durƙusa, ka rage gudu. Gaggawa ma tana ɓata shi, domin mai tsaro na bukatar ɗan lokaci kafin ya ruɗu. Wajen sauya ɓangare kuma, ko dai ka ɗaga ƙwallo sama da kai, ko ka manna ta a ƙirji. Wanda ya bar ta tana lilo a gaban cibiya, doke ta za a yi. In ka cafe da wuri, taku na uku zai shigo, alƙali ya busa usur.

Wajen atisaye, ajiye kujera mita biyu daga kwando. Yi sau 20 a tafe ba gudu, sannan 20 da gudu, ka koma hagu ka maimaita. Bayan mako biyu sai aboki ya maye gurbin kujerar, ya zaɓi inda zai karkata.

Takun ba ya cin mutum uku. A 2019 'yan Toronto Raptors suka jeru kamar katanga a gaban Giannis, suka ci wasa huɗu a jere bayan Bucks ta ci biyun farko. In ka ga an taru a kanka, miƙa wa abokinka da aka bari a kusurwa. Ka kuma riƙa gwada jifan kyauta, wato wanda ake ba ka ba mai tsaro in an yi maka ƙeta, don za a yi ta yi maka ita: a wasan da ya ba Bucks kofi a kan Phoenix Suns, maki 17 cikin 50 da Giannis ya ci daga nan suka fito.