Masu karatun Latin, kada ku haddace suna shi kaɗai

'Yan uwa, duk sunan da za ku haddace a Latin, ku haɗa shi da sigarsa ta mallaka (wato sigar da ke nufin "na wane") da jinsinsa.
Kada ku ce rex kawai. Ku ce rex, regis, namiji.
Corpus, corporis, jinsi na uku, wanda ba namiji ba, ba mace ba.

Dalili kuwa, sigar mallaka ce ke nuna tushen kalma da rukuninta cikin rukunai 5 na sunayen Latin.
Wutsiyarta za ku duba: -ae, -i, -is, -us, -ei.
Kuna karanta rubutun Kaisar, shugaban Rumawa na da, kuka ci karo da itinere, in ba ku san iter, itineris ba, sai ku yi ta wahalar neman ta a ƙamus.
Kuma corpus na ruɗin mutane sosai. Kamanninsa ɗaya da dominus, alhali rukuninsu daban.

Ku riƙa faɗar ukun da baki, a tare, kamar hadda.

Amma dabarar ba ta isa ko'ina ba.
Domus na ɗaukar wutsiyoyi daga rukuni na 2 da na 4.
Civis, civis ba zai gaya muku cewa mallakar jam'insa civium ce ba.
Irin waɗannan, ku ware musu shafi daban a littafinku.