Yadda ake shirin tseren dogon zango a kan tsaunuka

Tseren dogon zango shi ne duk wanda tsawonsa ya zarce na gudun fanfalaki, wato kilomita 42.195, kuma idan aka ɗauke shi daga kan kwalta aka kai shi turbobin ƙafa na cikin tsaunuka, sai ya koma wani wasa na daban wanda saurin ƙafa kaɗai ba ya kai mutum ƙarshensa. Mafi shahara a cikin irin waɗannan tseren shi ne Ultra-Trail du Mont-Blanc (UTMB), wanda aka fara a shekarar 2003. Ana tashi daga garin Chamonix na ƙasar Faransa da yammacin Juma'a a ƙarshen watan Agusta, a kewaye tsaunin Mont Blanc ta cikin Italiya da Suwizalan, sannan a dawo inda aka tashi. Tafiyar ta ɗan haura kilomita 170, jimillar hawan da ke cikinta ta kai kimanin mita 10,000, kuma wa'adin kammalawa kimanin awa 46 da rabi ne. Jim Walmsley ɗan Amurka ya gama shi cikin awa 19 da minti 37 a shekarar 2023, amma akasarin mutum 2,500 ko fiye da ke shiga sukan kwana biyu a kan hanya, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci ma fiye, ba sa kai wa ƙarshe. Da wannan tsere za mu riƙa ba da misali, domin duk wahalhalun da ake gamuwa da su a sauran suna cikinsa.

Kafin mutum ya zaɓi tsere, ya kamata ya koyi karanta lambobi biyu tare, wato tsawon hanya da yawan hawa. Masu wannan harka suna da wani lissafi mai sauƙi, inda suke ɗaukar kowace mita 100 ta hawa a matsayin ƙarin kilomita ɗaya, don haka UTMB ya fi kusa da tafiyar kilomita 270 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Wanda bai taɓa yin irin wannan gudu ba ya fara da tseren kilomita 50, ya bi da na 80 ko 100, ya ba kansa shekara biyu ko uku kafin ya yi tunanin na mil ɗari, wato kimanin kilomita 160. Su ma masu shirya UTMB ba sa karɓar sabon shiga: sai mutum ya kammala wasu tseren da ke ƙarƙashin tsarinsu ya tara maki, sannan a saka sunansa a ƙuri'a. A makon tseren akwai ƙananan rukunai kamar CCC mai kusan kilomita 100 da OCC mai kilomita hamsin da 'yan kai. Ƙasashen uku duk suna cikin yankin Schengen, saboda haka biza ɗaya ta wadatar, amma a tanadi takardar likita da inshorar da ta haɗa da kuɗin ceto a kan tsauni.

Atisaye

Abu na farko da sabon shiga ke jin nauyin amincewa da shi shi ne cewa babban ɓangare na tseren takawa ake yi. Hatta gwanaye irin su Kilian Jornet ɗan Sifaniya, wanda ya lashe UTMB sau huɗu, idan hawa ya yi tsanani sukan daina gudu su dafa gwiwa ko su dogara sanda su riƙa taku da sauri. Don haka tafiya da ƙarfi a kan tudu darasi ne mai zaman kansa, a ware masa rana a kowane mako, da jaka a baya mai nauyin da za a ɗauka ranar tsere. Ana auna atisayen da awannin da ƙafa ta yi a ƙasa, kuma mafi yawansa a yi shi a hankali, yadda mutum zai iya magana ba tare da haki ya katse shi ba. Idan tsere ya matso, ana haɗa doguwar fita kwana biyu a jere, misali awa biyar ranar Asabar da awa uku ko huɗu ranar Lahadi, domin ƙafa ta saba da aiki alhali tana gajiye. Mako biyu ko uku kafin ranar kuma a rage nauyin atisaye sosai.

Gangara ce ke karya mutane, kuma ita ce aka fi yi wa sakaci. Lokacin da mutum ke saukowa daga tsauni, tsokar gaban cinya ce ke taka wa jiki birki a kowane taku, tana miƙewa alhali tana ɗauke da nauyi, kuma irin wannan aiki yana yi wa tsoka ƙananan raunuka da ba a ji sai bayan sa'o'i. Wanda ya saki jiki ya kwararo a gangaren farko saboda yana jin ƙarfi, yakan isa Courmayeur na Italiya, kusan tsakiyar hanya, cinyoyinsa sun yi tsami har saukowa daga matakala ɗaya ta zame masa aiki, ga kuma sauran hawa da sauka na fiye da kilomita 80 suna jiransa. Maganin wannan shi ne a saba wa ƙafa da gangara tun watanni kafin tsere, kaɗan-kaɗan, a riƙa gajarta taku, a sa ido 'yan mitoci a gaba maimakon kallon yatsun ƙafa, a kuma guji jingina baya ana dira a kan diddige. Tsoka tana koyon wannan darasi da wuri. Fita kaɗan ta gangara mai tsawo takan rage tsamin da za a ji a ta gaba.

Mai zama a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana da aiki a gabansa, sai dai bai rasa dabara ba. Matakalar filin wasa ko ta dogon bene, a hau a sauko har tsawon awa guda, tana yin wani abu, kodayake ba ta koyar da taka duwatsu masu motsi. Idan da hali, a riƙa zuwa inda tudu na gaske yake lokaci zuwa lokaci: duwatsun Shere da ke kusa da Jos sun haura mita 1,800, tsaunin Mambila a jihar Taraba kuma yana da dogayen hawa da sanyin da zai ɗan nuna wa mutum abin da ke gaba.

Kayan da ba a barin su

A ranar 22 ga Mayu, 2021, an yi tseren kilomita 100 a lardin Gansu na ƙasar Sin. Mutum 172 suka tashi da safe, da yawansu daga su sai gajeren wando da 'yar riga, domin rigar kare iska ba ta cikin kayan da aka wajabta. Da tsakar rana, a wani wuri mai tsawo da mota ba ta isa, iska mai ƙarfi da ruwan sama da ƙanƙara suka rufe su. Mutum 21 sanyi ya kashe, ciki har da Liang Jing, ɗaya daga cikin fitattun 'yan tseren ƙasar. Wani makiyayi ne ya ceci mutum shida ta hanyar kai su wani kogo ya hura musu wuta. Duk wanda zai hau tsauni ya san cewa zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 ta hawa, kuma jiƙaƙƙen jiki da ya gaji ya daina motsi yana rasa ɗuminsa cikin mintoci.

Shi ya sa jerin kayan da UTMB ya wajabta ba ado ba ne, kuma ana iya tsayar da mutum a kan hanya a buɗe jakarsa a duba. Akwai rigar ruwa mai hula wadda ɗinkinta ba ya yoyo, da wandon ruwa, da riga mai ɗumi mai dogon hannu, da safar hannu da hular sanyi. Akwai tocilan biyu da batiran canji, da bargon ceto na leda mai ƙyalli, da usur, da bandeji, da wayar da ke aiki a ƙasashen uku, da mazubin ruwa na aƙalla lita ɗaya, da kofi na kai, da guzurin gaggawa. A ra'ayina ko da tseren da mutum ya shiga bai wajabta waɗannan ba, rigar ruwa da bargon ceto da tocilan ta biyu ba abin tattaunawa ba ne. A saka kayan ɗumi cikin leda kafin a cusa su a jaka, domin gumin baya kaɗai ya isa ya jiƙa su. Kuma a sa riga tun kafin a isa ƙololuwa, lokacin da yatsu ke iya jan zik, kada a bari sai an fara karkarwa.

Takalmi ya zama mai haƙora a tafinsa, da ɗan sarari a gaba saboda ƙafa tana kumbura, kuma wanda aka riga aka yi doguwar tafiya da shi. A shafa man basilin duk inda fata ke gogayya, da zarar an ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi kuma a tsaya a liƙa masa filasta kafin ya zama bororo. Sanduna suna rage wa cinya aiki, amma wasu tseren sun hana su, sai a duba doka.

Ci da sha

Ciki yana fitar da mutane daga tsere kamar yadda ƙafa ke yi. Masana abincin 'yan wasa suna ba da shawarar giram 60 zuwa 90 na sitaci ko sukarin da ke cikin abinci a kowace awa, kuma hanji ba ya karɓar wannan adadi ana cikin gudu sai an horar da shi a lokacin atisaye. A fara ci tun awar farko, kaɗan-kaɗan duk bayan minti ashirin ko talatin, ba tare da jiran yunwa ba. Dabino da ayaba da dafaffen dankali mai gishiri da shinkafa duk suna aiki, kuma bayan awa goma sha biyar baki yakan gaji da zaƙi, a lokacin ne romo mai zafi da ake bayarwa a zangunan hutu ke da daraja. Idan zuciya ta fara tashi, a rage sauri, a riƙa kurɓar ruwa, a ba ciki rabin awa. Yawanci yakan daidaita.

Game da ruwa, haɗarin yana ta fuska biyu. Ƙarancinsa sananne ne, amma shan sa fiye da kima yana tsarma gishirin da ke cikin jini, abin da ke kawo ciwon kai da kumburin hannu da ruɗewa, har ya kai ga halaka. A sha gwargwadon ƙishirwa, a haɗa da abinci mai gishiri. A kuma guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, domin ƙoda tana cikin wahala dama saboda ƙarancin ruwa da dattin da raunanan tsoka ke zubawa cikin jini, maganin kuma yana ƙara mata nauyi.

Ranar tsere

A tashi a hankali fiye da yadda zuciya ke so, ko da jama'a suna ta wucewa. A rubuta wa'adin kowane zango a 'yar takarda a liƙa a inda ido zai gani, domin wanda ya iso bayan an rufe zango an cire shi ke nan, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba ba ta iya lissafi. Kafin a shiga zango a riga an yanke abin da za a yi a ciki: cika ruwa, cin abinci, sauya safa, fita. Kujera da ɗumin tanti suna cinye minti arba'in ba tare da mutum ya ankara ba.

Hanyar UTMB tana kai wa sama da mita 2,500 a mashigar Grand Col Ferret da ke kan iyakar Italiya da Suwizalan, tsayin da wanda ya taso daga ƙasa-ƙasa zai ji numfashinsa ya gajarta, don haka isa yankin kwanaki kafin tsere yana da amfani. Dare na biyu shi ne mafi wuya. Barci yana fizgar mutum yana tafe, wasu har sukan riƙa ganin kututture ya zama mutum ko dutse ya zama gida, kuma kwanciyar minti goma sha biyar a zango, da rigar ɗumi a jiki da wanda zai tashe shi, ta fi ƙarin kofin gahawa amfani. Idan mutum ya daina ganin alamomin hanya masu ƙyalli, ya koma baya zuwa ta ƙarshe da ya gani, kada ya yanke ta cikin daji. Doka kuma ta wajabta tsayawa a taimaki duk wanda aka samu cikin haɗari.

Akwai gajiyar da abinci da ɗan hutu ke warkarwa, wannan ba dalilin janyewa ba ce, kuma yana da kyau mutum ya ci ya huta kafin ya yanke hukunci. Amma karkarwar da ta ƙi tsayawa, ko magana ta fara harɗewa, ko ciwon ƙirji, ko amai da ya hana ruwa zama, ko fitsari ya koma launin baƙin shayi, duk alamu ne na a tsaya a nemi likitan tsere nan take. Wanda zai janye ya yi haka a zango, ya sanar da ma'aikata su rubuta lambarsa, in ba haka ba za a tura masu ceto neman sa cikin dare. Bayan an gama ma a ci gaba da lura da fitsari na kwana biyu, idan ya ƙi washewa ko ya ragu ƙwarai a tafi asibiti a gwada ƙoda.