Auna Sauƙin Tabon Ƙuna Daga Bakin Mai Shi

Ma'aikacin lafiya na ƙauye, kada ka yarda da "da sauƙi" kawai, kunya ce ke sa mutanenmu faɗin haka. Keɓe da majinyacin, ya ba da maki 1 zuwa 10 (1 kamar lafiyayyar fata, 10 mafi muni) kan abu shida na POSAS, wato ma'aunin tantance tabo: zafi, ƙaiƙayi, launi, tauri, kauri da gargada. In bai saba da lamba ba, zuba masa tsakuwa goma ya ɗiba.

Sai ka tambayi aiki. "Baba, hannun yana riƙe fartanya?" "Inna, fatar tana ɗaurewa in kina daka?" Ƙaiƙayin hunturu mai hana barci, rubuta shi daban.

Maimaita duk wata uku, domin tabo kan kai wata 12 zuwa 18 kafin ya lafa. Gaɓar da ta fara ƙagewa, a tura Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.