Yadda ake koya wa ɗaliban jami'a rarrabe hemogulobin ta hanyar lantarki

Akwai ɗalibin da zai zana maka tsarin hemogulobin, sinadarin jini mai ɗaukar iskar oksijin, a allo da ka, amma ka miƙa masa fifet, abin ɗibar ɗan ƙanƙanin ruwa daidai kima, sai hannu ya hau rawa. Ba laifinsa ba ne, karatun ne ya tsaya a takarda. Idan kana son ɗaliban nazarin sinadaran halitta su fara aiki da hannu, gwajin sikila ya fi komai dacewa da farawa, domin kusan kowa a ajin ya san abin da AA da AS da SS suke nufi, musamman in maganar aure ta taso.

Mataki na farko: kada a taɓa na'urar lantarkin tukuna

Zaman farko gaba ɗaya na fifet ne. Nuna musu cewa maɓallin yana tsayawa sau biyu. Ana danna shi zuwa tsayawar farko kafin a tsoma bakin a ruwa, a saki a hankali, sannan wajen zubarwa a danna har tsayawa ta biyu. Kuskuren da za ka fi gani shi ne danna maɓalli har ƙasa kafin ɗiba, sai a ɗebo fiye da kima. Ka hana su kwantar da fifet alhali da ruwa a bakinsa, ko murɗa shi ya wuce iyakar lambarsa.

Daga nan sai sikeli. Makirolita 1000 na tataccen ruwa yana auna kusan giram 1. Kowa ya ɗiba sau goma, ya rubuta abin da sikeli ya nuna kowane karo. Wanda lambobinsa suka yi ta hawa da sauka zai gane da kansa cewa hannunsa bai zauna ba, ba sai ka faɗa masa ba. Ni a ganina, wanda bai tsallake wannan ba kada a ba shi samfurin jini.

Mataki na biyu: su haɗa ruwan aikin da kansu

Ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin ɗari, wato giram 0.9 a mililita 100, su auna su haɗa. Ruwan bafa kuma, wato mai hana tsamin ruwan aiki canzawa, na sinadaran Tris da EDTA da boret, su duba shi da ma'aunin pH mai nuna yawan tsami, su tabbatar yana tsakanin 8.4 da 8.6. Kowace kwalba a rubuta mata suna da kwanan wata.

Mataki na uku: ka yi bayanin dalili kafin a kunna wuta

Nan ne wurin da ya kamata ka daɗe. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa hemogulobin ɗin mai sikila ba ya tafiya daidai da na mai lafiya a cikin lantarki. Bayan wasu shekaru Vernon Ingram ya gano musabbabin: amino asid guda ɗaya tak, cikin tubalan da suka gina hemogulobin, ya canza. A gurbi na 6 na sarƙar beta, ɗaya daga cikin sarƙoƙin da suka haɗa hemogulobin, balin ya maye gurbin gulutamik asid. Gulutamik asid yana ɗauke da cajin nagetif, balin kuwa ba shi da caji. To a pH 8.6 hemogulobin yana gudu ne zuwa ɓangaren jar waya, wato fositif, kuma wanda cajinsa ya ragu dole a bar shi a baya. Shi ya sa A ke gaba, S na biye. Nau'in C, wanda ya yawaita a arewacin Ghana da Burkina Faso, laisin ne ya shiga gurbin, shi kuma cajinsa fositif ne, don haka C ya fi S jinkirin tafiya.

Ka sa kowa ya zana a littafinsa inda yake tsammanin layukan hemogulobin za su fito a takardar gwajin ga AA, AS, SS da AC. A yi wannan tun kafin gwaji. Musun da za a yi daga baya shi ne darasin.

Mataki na huɗu: shirya samfuri da gudanar da gwajin

Safar hannu da farar riga wajibi ne. A wanke jajayen ƙwayoyin jini da ruwan gishirin nan sau uku a na'urar juyawa, sannan a zuba musu tataccen ruwa su fashe, hemogulobin ya fito. A jiƙa takardar selulos asitet a bafa, a tsane ta da takardar tacewa, a ɗiga samfuri ta ɓangaren baƙar waya, a rufe tankin kafin a kunna. Ƙarfin wuta da minti nawa, a bi takardar da ta zo da na'urar. Da yake hemogulobin ja ne, ɗalibai za su fara hango layukan tun kafin a rina da Ponceau S. Ka tabbatar janareto ko inbata na nan a shirye, domin in wuta ta ɗauke a tsakiya layukan sukan bazu su dushe.

Wani abu da ban yarda a sassauta ba: kada a gwada jinin ɗaliban ajin. Mutum ya ji nau'in jininsa a gaban abokai arba'in, wataƙila har da wadda yake nema, ba ƙaramin abu ba ne. A yi amfani da samfuran da aka riga aka san nau'insu, marasa suna, kuma kowace takarda a ɗora mata samfurin kwatanci mai A da S da C.

Mataki na biyar: karanta sakamako

Kowa ya kwatanta zanensa da abin da ya fito. Sai ka faɗa musu iyakar wannan gwaji: a wannan pH, nau'in D da G suna sauka a inda S yake, E kuma a inda C yake. Saboda haka ganin layi a gurbin S bai isa a yanke hukunci ba, sai an ƙara da gwajin narkewa, ko a sake rarrabewar a bafa mai tsami, ko a kai samfurin na'urar HPLC mai rarrabe sinadarai. Takardar da ta lalace ma kada a jefar. A manna ta a littafi, a rubuta a ƙarƙashinta abin da ake zargin ya jawo, ko samfuri ne ya yi yawa, ko an juya wayoyi, ko bafa ce ta tsufa.