Masu koyon jita da kansu, ga 'yar shawara

Salam 'yan uwa. Dan Allah kafin ka taɓa komai ka fara saita jitarka, wato sautin wayoyinta shida daga mai kauri zuwa siririya ya zama E A D G B E, akwai manhajar saita sauti (tuner) kyauta a waya, in ba haka ba kunnenka zai saba da sautin da ba daidai ba kuma gyaransa wahala ne.

Sai maganar yatsu, wadda ita ce ke korar mutane da yawa. Yanke farcen hannun da kake danna wayoyin, ka danna da kan yatsa dab da ƙarfen nan na wuyan jita ba a tsakiyar ƙarafa biyu ba, zaka ji zzz ɗin da wayar ke yi ya ɓace ba tare da ka matse da ƙarfi ba. Zafi kam dole ne har yatsun su yi kanta, amma in wuyan hannu ne ke ciwo to ka tsaya ka gyara riƙo.

Minti 15 kullum ya fi awa 3 ranar Asabar kawai wallahi. Ka riƙe kod ɗin Em, G, C da D (kod shi ne haɗin sautuka da ake kaɗawa tare), kana canzawa a hankali da metronom, wato abin ƙidaya bugu, a bugu 60 a minti, kar ka ƙara gudu sai ya fita tsaf.

Lokacin hunturu kuma a ajiye jitar cikin jaka, bushewar iska na tsaga katako.